Ƙwaryar Gindin Gona

Ku samarin da kuke taruwa a gidan nan duk Juma'a, ku ci tuwo ku miƙe ƙafa kuna noman shinkafa a waya, da ku nake. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Surukata Rakiya ce ke rubutawa, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Tun da na zo Doha jegonta nake zaune a ɗaki ina jin ku ta ƙofa. Wannan ya ce a haɗa kuɗi a sayi fadama, wancan ya ce ai yanzu inji ke yin komai, mutum yana nan filin jirgi yana gadi, gonarsa tana can tana yi masa aiki. Nasiru direban tasi har cewa ya yi shinkafa ai ciyawa ce mai son ruwa, ka ba ta ruwa, kalas, an gama. Na ji. To ku ma ku ji nawa.

Garinmu yana ƙasar Haɗeja, a bakin fadama. Gari ɗaya ne amma kashi biyu, cikin gari da Rinji. Mu 'yan Rinji ne. Kakanninmu bayin gona ne na mutanen cikin gari. An daina faɗin kalmar tun kafin a haife ni, amma ba a daina aiki da ita ba. Ba sa auren 'ya'yanmu, ba sa ba mu nasu. Namijin Rinji ko ya sauke Alƙur'ani ba ya jan salla muddin ɗan cikin gari yana tsaye a sahu. Matansu suna kulle, mu muna cikin taɓo. Yaro ɗan cikin gari da bai iya ɗaura wando ba zai kira tsohuwar Rinji da sunanta kai tsaye, ba Inna ba Gwaggo. Fadamar duk tasu ce, hannun da ke aikinta duk namu ne.

Aikin da aka fara sa ni shi ne cira. Ina yarinya, Gwaggo Dije ƙanwar babana ta ja ni cikin ruwa har gwiwa ta ce in cire ciyawa in bar shinkafa. Akwai wata ciyawa da ke tashi tare da shinkafa, tsayi ɗaya, kore ɗaya, ido ba ya raba su sai sun fitar da kai, lokacin kuwa ta riga ta cinye abincin gona. Da yatsa ake ganewa. A bi ganyen zuwa wuyansa, inda ya rungumi kara. Shinkafa tana da ɗan gashi a wurin, ita ciyawar sumul take. Ranar farko na tumɓuke shinkafa runguma guda ina murna na yi aiki. Gwaggo ba ta dake ni ba. Sa ni ta yi na mayar da ita ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo, rana tsaka, su suna cin ɗumame a gaɓa. Da na fito ta ce, "Mai gona ba zai ce Tabawa ta yi ɓarna ba. Cewa zai yi 'yan Rinji." Tun daga ranar ban sake cira da ido ba.

Cikin ruwan nan ba ke kaɗai ba ce. Matsattsaku zai kama ƙwauri, ba kya ji sai kin ga jini yana bin ruwa. Ba a fizge shi, bakinsa zai tsaya a nama ya zama gyambo. Toka muke ƙullewa a bakin zane, a barbaɗa masa ya faɗi da kansa. Tsargiya kuwa kusan duk yaron Rinji ya yi fitsarin jini, har ana ɗauka alamar girma ce. Ƙafafuna har yau a tsattsage suke. Likitar da ɗana Auta ya kai ni wurinta a nan ta riƙe tafin ƙafata tana jujjuyawa tana tambayar wuta na taka.

Dashe daga baya ya zo, tare da farar gajeriyar shinkafar nan da kuke kallo a waya. A tsiro da ita a wuri ɗaya, a cire, a wanke saiwar, a ɗaure ƙulli ƙulli a jefa cikin gona. Sai mu jeru mu sunkuya, muna tafiya da baya. Gaɓar yatsa ɗaya ake nutsa ta. In kika zurfafa ba za ta yi 'ya'ya ba, in kika yi sama sama ruwa ya tafi da ita kafin gari ya waye. Daga hantsi zuwa la'asar kai yana ƙasa. Mace mai ciki tana yi, mai goyo tana yi. Wadda ta miƙe sau da yawa ana lura da ita, gobe ba za a kira ta ba. Injin dashe na gani a wayar Nasiru yana tafiya kamar agwagwa. Ban ce ƙarya ba ne, amma ban ga ya iso fadamarmu ba tukuna.

Laujena maƙerin garinmu ya ƙera mini shi shekarar da na yi aure, da 'yan haƙora a baki, na naɗe ƙotar da tsumma saboda kanta. Ya sha wasa har ya koma siriri kamar jinjirin wata. Da shi nake yanka, maza su ɗaure dami, a kai kan tsandauri a buga jikin ganga. Shiƙa tamu ce. Mai shiƙa da ƙeyarta take jin iska, ta ɗaga ƙwarya sama da kai ta zuba a hankali, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta sauka a gindinta. In iska ta juya ba ki ji ba, kin wanke wadda ke bayanki da ƙaiƙayi, ranar kuwa za ki ji sunan kakarki. Ladanmu da shanshera ake auna mana, wato shinkafa da ɓawonta. Mai awon ɗan gidan mai gona ne, kuma yana da wani babban yatsa da yake kwantarwa cikin kwano in namu ake aunawa. Kowa na gani, ba mai magana.

Gumi shi ne abin da na riƙe gida da shi bayan rasuwar mahaifinsu Auta. A jiƙa shanshera ta kwana, a tsame, a zuba a rabin ganga da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu a hura wuta. Ana jira ɓawon ya buɗe baki kaɗan, a sauke. Shanyar ita ce wuyar. In rana ta buge ta gaba ɗaya, tana shiga inji za ta karairaye ta koma tsaki, sai a sayar wa masu kunu da araha. Dole a sha rana rabi, a ja inuwa rabi, ana juyawa da ƙafa, ana korar kaji da awakin maƙwabta. Masu sayena mata ne masu tuwo a tasha da fatake daga Kano. Akwai wata Hajiya mai shinkafa da wake da ba ta taɓa saye ba sai ta ɗauki ƙwaya ta gatsa ta tofar ta ce, "Tabawa, wannan da ruwa a cikinta." Shekara da shekaru tana faɗin haka, kuma ba ta taɓa zuwa wurin wata ba.

Yanzu na zo inda nake son ku buɗe kunne. Kowace gona a fadamarmu gangarawa take yi zuwa wani kwari inda ruwa ke taruwa, in kogi ya kawo ya kai ƙirji, wani wuri ya shanye mutum. Shi muke kira gindin gona. Farar shinkafa nutsewa take a wurin, don haka masu gona ba sa kula shi. Tun zamanin kakanni ana barin sa ga matan Rinji da suka yi aikin wannan gonar. A nan muke watsa jan iri, jar shinkafarmu ta gado, da saukar ruwan farko, ƙasa tana tsattsage. In kogi ya taso, jan iri tashi yake tare da ruwa, ruwa ya ƙaru shi ma ya ƙara wuya. A jirgi muke yankansa, ko a kife a kan gora, kai kawai ake yankewa. Da sassafe ake yi yana da raɓa, don in ya bushe kina taɓa shi zai zube a ruwa. Ba ya auki a gona, yana da wuyar surfe, ja ne, 'yan birni ba sa so. Amma tuwonsa in kika ci da safe sai magariba. In ruwa ya ja kuma, tarwaɗa da gaiwa suna nan cikin taɓo, mu tono mu banda. Abin da ya fito daga gindin gona na mace ne, miji ba ya sa hannu. Da shi gwauruwa take ci, da shi tsohuwar da bayanta ya daina sunkuyawa take ci, don ko ba ta iya dashe ba za ta iya zama a jirgi.

Sai dai ba haka kawai ake shiga ba. Duk shekara kafin ruwan farko, babbar macen Rinji za ta ɗauki ƙwarya da surfaffen jan iri, ta ɗora bandar kifi a kai, ta tafi zauren mai gona. Ta cire takalmi a waje, ta durƙusa gwiwa biyu, ta tura ƙwaryar gabansa ta ce, "Mun zo neman gindin gona." Shi kuma a gaban shaida ya ce, "Ku ci, Allah ya amfana." In ya faɗa, ya ɗauru, wannan shekarar ba shi da ikon taɓa wurin, kuma ba a taɓa jin wanda ya faɗa ya janye ba. In ba a kai ƙwarya ba, shekarar ta wuce ku. Akwai gonar da muka rasa haka lokacin da Gwaggo ta kwanta ciwo, matan suka yi ta ke je ki, ke je ki, har ruwa ya sauka. Mai gonar ya ce ai ya ɗauka mun ƙoshi ne. Ba mu sake shiga ba.

Bayan Gwaggo ni na gaji ƙwaryar. Babbar gonar da yawancinmu ke ci a gindinta ta gidan Alhaji Babba ce. Na je zaurensa da Auta a goye, na je da shi yana riƙe da bakin zanena. Alhaji ba mugu ba ne, amma yana son ya gama hirarsa tukuna, ni ina durƙushe, yaron yana tsaye yana kallo. Wata shekara jikansa Bello, lokacin ɗan mitsitsi, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ga Tabawa ta kawo kifinka." Aka yi dariya. Auta bai yi ba. Daga shekarar bai sake bi na ba.

Mugunyar shekara guda biyu na gani, kowace da irin tata. Ta farko ruwan bai zo ba. An tare kogi can sama da dam, muka watsa iri muka zuba ido, jan iri ya tsiro ya tsaya yana jira har ya ƙone a tsaye. Bado muka ci, muka haƙa saiwarsa a busasshen tafki muna dakawa. Kada wani ya ce muku jan iri ba ya mutuwa, yana mutuwa. Ta biyu kuwa ruwan a rana ɗaya aka sako shi. Farar shinkafa ta kusa yanka, muka tashi muka ga fadama ta zama kogi ɗaya, ba ganye ko ɗaya a sama. Ba yanka, ba bugu, ba shiƙa, wato ba lada. Jan iri ne kaɗai ya ɗago kai. Jirgin da muke da shi yana yoyo, ɗaya na yanka ɗaya na kwalfe ruwa. Abin da muka samu bai kai mu damina ba, amma ya kai mu inda ba a binne yaro ko ɗaya a Rinji saboda yunwa ba.

Daga nan fadama ta soma canzawa a hannunmu. Kacala ta cika hanyoyin ruwa, wata doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, inda ta kafa jirgi ba ya wucewa. A cikinta jan baki ke kwana, tsuntsayen da in suka sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara. Sai maganin feshi ya zo, cira ta mutu, kifin ma ya ragu. Injin yanka ya zo ya haɗiye yanka da bugu da shiƙa a baki ɗaya. Manyan injinan gumi na birni suka kwashe masu sayena. Ban ce a mayar da su ba, na san abin da lauje ya yi wa bayana. Amma ku lissafa da kanku abin da ya rage wa macen Rinji. Dashe ga mai ƙarfi, gindin gona ga kowa.

Auta, wanda kuke kira Oga Isiya, ya bar gida da wuri. Ya yi gadi a Kano, ya yi a Legas, Allah ya kawo shi nan, har ya zama shi ke rarraba wa masu gadi wurin tsayuwa a filin jirgi. A nan ba wanda ya tambaye shi unguwarsu. Ya auri Rakiya 'yar Zangon Kumasi, iyayenta addininsa da halinsa kawai suka bincika. Juma'ar farko da na yi a gidan nan, wani saurayi ya shigo ya zube har ƙasa ya ce, "Inna, barka da hanya, ya mutan gida?" Na dube shi da kyau. Bello ne, jikan Alhaji Babba. Yana kwana su da yawa a ɗaki ɗaya a unguwar Farij Abdul'aziz, kuma Auta ne ke rubuta masa shif ɗin gadi. Da la'asar ta yi, Auta ya shiga gaba, Bello ya bi shi salla. Na amsa gaisuwarsa, amma ban saki jiki ba. Abin da aka yi shekaru ana ginawa ba ya rushewa don an hau jirgi.

Ranar suna da aka watse, Auta ya zauna kusa da ni yana murmushi ya ce yana da albishir. Mahaifin Bello ya rasu, magada sun sa babbar gonar a kasuwa, shi ya saya. Duka, daga gaɓa har gindi.

"Gonar Alhaji Babba, Inna. Taki ce yanzu."

Na yi hamdala, na sa masa albarka. Sai ya ci gaba. Ya riga ya yi magana da mai katafila. Kafin ruwan farko za a baje gonar ta zama shimfiɗa ɗaya, a cike kwarin, a ja kunya, a kafa injin ban ruwa mai aiki da rana, a riƙa noma sau biyu a shekara.

Na ce, "A cike wane kwari?"

"Gindin mana. Wuri ne babba yake zaune a banza."

"Auta, a banza ka ce? Da me na yaye ka?"

Ya ce ya sani. Ya ce jan irin nan me yake bayarwa, in aka baje wurin zai ba da ninkinsa sau da yawa, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce matan Rinji zai riƙa ɗauka dashe, ya biya su a hannu ranar da suka yi, ba mai kwantar musu da yatsa a kwano. Na ce Ladi ƙanwata fa, da bayanta ya riƙe, da sauran tsofaffin? Ya ce duk kaka zai aika musu buhu har gida.

Na ce, "Ranar da kafil ɗinka, ubangidan da ke riƙe da takardun zamanka, ya ce aiki ya ƙare fa? Ko ranar da ka sayar wa wani? Buhu kyauta ce, mai bayarwa yana iya mantawa."

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna, ita ƙwaryar mece ce? Na tsaya ina kallon ki a ƙasa, ƙaramin yaro yana kiran sunanki ana dariya. Shekarun nan da nake tsaye a ƙofar mutane ina buɗe musu, don wannan ranar nake yi. Ba macen da za ta sake durƙusawa saboda wannan gonar. An gama."

Abin da ya faɗa ba ƙarya a ciki. Na yi masa magana washegari, na yi bayan kwana biyu. Na ce to ya bar wurin ba sai an kai ƙwarya ba. Ya ce in ya bari bana, badi za a ce al'ada ce, jikokinsa su tarar ana kawo musu kifi. Na ce ni uwarsa ce na hana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna," irin to ɗin da na san ba ta wuce ƙofar ɗaki. Da yamma na ji shi a waya yana ce wa mai katafila yalla, maza ya shirya.

Ladi ta kira ni. Ta ce hadari ya soma haɗuwa ta gabas, matan sun fito da iri daga rumbu, su watsa ko kada su watsa? Labarin katafila ya riga ya kai. Sai na ji muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Yaya, ki roƙa mana shi." Muryar nan na san ta, da ita muke magana a zauren cikin gari. Ban taɓa jin ta yi mini ita ba. Ta ce ko su kai ƙwarya gidana? Na ce ƙwarya gaban mai gona ake ajiye ta, mai gona kuwa yana nan Doha, unguwar Abu Hamur. Duk Rinji ba wadda hannunta zai kai gare shi sai ni.

Na zo da jan iri kaɗan daga gida don kunun jego, a ƙwaryata. Juma'ar da ta wuce na zauna na tsince shi. Tarwaɗa ba ta samu ba, na ce Rakiya ta ba ni busasshen kifin nan na mutanensu da take saye. Ta tambaye ni na me, na faɗa mata. Ta ajiye jaririn ta riƙe hannuna.

"Mma, kar ki yi. Abin nan zai kashe shi da kunya."

"Na sani."

"Ki bari in yi masa magana."

Na ce, "Kin yi, na ji ku. Miƙo kifin."

Kun ci tuwonku kun tashi kama motar aiki. Na aika Rakiya ta ce wa Bello ya dakata. Auta yana kan kujera yana danna waya. Na cire silifa a bakin falo. Shi Bello da ya ga ƙwaryar da kifin a kai ya gane tun kafin in ƙarasa, ya miƙe tsaye ya rasa inda zai sa idonsa. Gwiwoyina sun daɗe ba su yi wannan aikin ba, sai da na dafa hannun kujera. Na sauka, na tura ƙwaryar gaban ƙafar ɗana.

"Mun zo neman gindin gona."

Wayar ta faɗi. Ya zamo daga kujerar ya zube a ƙasa, yana neman ya fi ni ƙasa, ya kama kafaɗata yana ɗagawa. Na ƙi.

"Inna, me na yi miki? Don girman Allah ki tashi."

Na ce, "Bello, kai ne shaida. Ka san yadda ake yi."

Bello ya ce, "Inna, ni wane ne?"

"Kai ne ɗan cikin garin da ke nan. Tsaya ka ji." Na juya ga Auta na sake faɗa. "Mun zo neman gindin gona."

Ina jin injin sanyi yana ƙara, ina jin jaririn ya soma kuka a ɗaki Rakiya ba ta motsa ba. Gwiwata ta dama ta soma yi mini kamar ana soka ƙusa. Can Auta ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ku ci."

"Ƙarasa."

"Allah ya amfana."

Ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita ba takalmi. Ni kuma na kasa miƙewa. Rakiya ta kama hannu ɗaya, Bello ya kama ɗaya, suka kai ni kujera.

Na faɗa muku wannan ne don na san Bello ba zai iya riƙewa ba, kuma gara ku ji daga bakina. Kada in ji wani ya ga laifin Auta. Abin da ya so ya kashe ya cancanci mutuwa, sai dai akwai mutanen da ke ci a jikinsa, kuma ni ban san yadda ake raba biyun ba. In cikinku akwai wanda ya sani, ya faɗa kafin ku haɗa kuɗin nan ku sayi fadamar wasu. Ku fara zuwa da ƙafarku ku ga su wa ke ci a inda ruwa ya fi zurfi.

Mai katafila zai baje saman gonar ya tsaya a bakin kwari. Haka Auta ya gaya masa, Rakiya ta ji. Za a yi feshi a sama, kuma duk ruwan sama gindi yake gangarowa, don haka ban sani ba ko jan irin zai kai yanka, ko za a samu kifi ko ɗaya a taɓo. Ya kuma aiko Rakiya ta faɗa mini cewa badi ba zai zauna inda ƙwarya za ta same shi ba. Na kira Ladi na ce su watsa. Ta ce badi fa? Na ce su watsa na bana tukuna, in Allah ya kai mu kaka su ware iri fiye da yadda muka saba, su rataye inda ɓera ba ya kaiwa.

Kwanakin da suka rage mini a garin nan kaɗan ne. Auta yana gaishe ni kullum da safe, daga bakin ƙofa, gaisuwa cikakkiya ba abin da ya rage a ciki, amma bai sake zama ba. Jiya da ya dawo daga aiki ya ajiye mini man zafi na gwiwa a kan dokin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, kafin in ce shigo ya wuce.